Tukunyar da Aka Kife

A Sikotland, ƙasar wiski, an mai da gidajen dafa barasa wurin yawon buɗe ido. Baƙo zai biya kuɗi a zagaya da shi, ya ga tsiron sha'ir da tukwanen tagulla da gangunan itace inda doka ta ce sai ruwan ya shekara 3 aƙalla, a ƙarshe a ba shi ya ɗanɗana. Suna da takarda ta 1494 mai ambaton sana'ar, sun kuma san sunan wiski daga harshen Gelik ya fito, ma'anarsa "ruwan rai". To mu fa? A Arewarmu ta Dogondutsi da Tibiri ma an dafa giya, amma yau zancen sai da murya ƙasa-ƙasa.

Kowa ya san ƙasar Arawa ba ta bi jihadin 1804 ba. Da Kabawa ta haɗa kai. Lugu da Bagaji sun riƙe al'adar Anna, kuma a Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Wajen Anna, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, giyar dawa tana cikin gayya da biki da makoki. Dafawa ake yi a bar ta ta tashi da kanta, ba a tatsar tururinta kamar wiski.

Wannan bambancin yana da nauyi a tarihi. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 da ta Saint-Germain ta 1919 barasar da ake tatsa daga tururi suka sa wa takunkumi a Afirka, ba burkutun tsohuwa ba. Ke nan ba dokar Nasara ta kashe wutar ba. Salla ce ta yaɗu a ƙarni na 20, kunya ta biyo baya, aka kife tukwane.

Lokacin hutu na je wani ƙauye kusa da Tibiri neman kalmomin noma, aka kai ni wurin wata tsohuwa da ta bar dahuwar tun tuni. Ta nuna mini tulunan bayan ɗaki, ta jera mini aikin: a jiƙa dawa, a rufe ta ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bari ta kwana. Na ce, "Kaka, wa kika koya wa?" Ta yi dariya. "Ɗan lakwal, mi za su yi da shi? Tun da munka tuba, ko jikokina ba su taɓa tambaya ba."

Ƴan'uwa ɗalibai, ba cewa nike a koma ga ƙwarya ba. Giya haramun ce, ni ma ban sha. Amma haramcin sha bai hana rubutu ba. Kowane mataki na aikin nan da kalmarsa, da karin maganarsa, da waƙar da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. In tsohuwar ta rasu, da su za a bizne ta, mu kuma mu dawo muna neman tarihin kakanninmu a littattafan Faransanci.

Duk wanda zai tai gida hutun nan, waya tana ɗaukar murya. Ka nemi izini, ka zauna ƙasa, ka yi alkawarin ɓoye suna, sannan ka tambaya.