Masu Gyaran Sauti a Gamu

A Gamu ta yankin Gure, gyaran sauti sana'ar masu karambani ce tun asali. Rediyon Nijar ya soma aiki a 1958, shekara guda bayan Sashen Hausa na BBC, amma ba makaranta ce ta ba mu masu gyara ba. Yaro zai kwance akwatin rediyo, ya ƙona waya, ya sha faɗa, ya sake haɗawa. Da kaset ya shigo, biro ma ya zama kayan aiki, da shi ake naɗe zaren da ya warware. Ni dai har gobe muryar kaset ta fi mini daɗi. Yanzu ƙannenmu tsohuwar kwamfuta suke kunnawa da sola, su yanka wa'azi da waƙa, su tura wa mutane a memori.