Kek Ɗin Sarauniya a Tukunyar Uwargida

Da zarar biki ko suna ya matso sai ka ga hankalin mata ya tashi, kowa na cigiyar haɗin kek ɗin da za ta fitar a ce "wa ya yi wannan?" Wata ta ƙarar da kuɗin adashinta wajen sayen kayan ƙamshi da kala iri-iri, ƙarshe kek ya fito kamar dutsen guga. Ni kuwa da na bi tarihin abin sai na tarar sirrin yana wajen awo.

Mu dai alkaki da nakiya da dubulan muka gada, su ne adon gara tun zamanin kakanni. Shi kansa sunan alkaki daga Larabci muka aro shi. Kek kuwa baƙo ne, Turawan Ingila ne suka zo mana da shi, don haka can za mu leƙa.

A shekarar 1747 wata mata mai suna Hannah Glasse ta buga littafin girki a Landan. A ciki ta kawo kek ɗin da ake kira na fam guda: bota fam ɗaya, sukari fam ɗaya, fulawa fam ɗaya, sai ƙwai dozin. Fam ɗaya kusan giram 450 ke nan. Daɗin wannan haɗi shi ne ko macen da ba ta karatu ba za ta manta shi ba. Wahalarsa kuma, a lokacin babu bekin foda, sai an yi awa guda cur ana bugu da hannu ko muciya don iska ta shiga ƙullun. Iskar nan ce kaɗai ke tashin kek ɗin. Kin ji aiki, 'yar uwa.

Sauƙi ya zo a 1843 ta hannun Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a garin Bamingam. Matarsa ce jikinta ba ya karɓar yis, shi ne ya zauna ya haɗa mata hodar da za ta tashi burodi ba tare da shi ba. Kun ga miji na gari ke nan! Yadda hodar ke aiki ba baƙon abu ba ne gare mu. Kin san yadda kanwa ke kumfa in ta haɗu da ruwan tsamiya? To hodar ma gaurayen mai tsami ne da ɗan uwan kanwa, suna jin danshi da zafi sai su saki iska, ƙullu ya kumbura.

Wannan hoda ce ta ƙara wa kek laushi a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901. Har yau akwai kek mai sunanta, kuma da shi ake gwada gwanintar mace a gasar gashi a ƙasarsu. Me ke cikinsa? Ƙwai, bota, sukari da fulawa, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan uwansa, sai 'yar hoda. Shi ke nan fa.

Ga yadda za ki yi. Ki sami bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 5 madaidaita, bekin foda ƙaramin cokali 2. A sikeli za ki auna, ko da na mai kanti ne, domin kofin sukari ya fi kofin fulawa nauyi nesa ba kusa ba, nan ne mata da yawa ke zamewa. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sakayau. Ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina bugawa. Sannan ki tankaɗe fulawa da hoda a kai, ki juya a hankali, kar ki tuƙa kamar tuwo, in ba haka ba iskar da kika wahala kika tara za ta gudu.

Ki raba ƙullun a gwangwani biyu da kika shafa wa bota. Mai oba ta sa a lamba 180, minti 20 zuwa 25. Marar oba kuma ta zuba rairayi a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora gwangwanayen ta rufe, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a kan murfi. Kar ɗoki ya sa ki yi ta buɗewa, zai faɗa. In kin soka tsinke ya fito fes, ya gasu. Bayan ya huce ki shafa jam ko markaɗaɗɗen dabino a kan ɗaya, ki kifa ɗayan, ki barbaɗa garin sukari.

Shawarata ita ce ki riƙe wannan guda ɗaya ki maimaita shi har hannunki ya faɗa, kafin ki tsallaka zuwa masu kwalliya. Da shi za ki fita kunyar dangin miji, da shi kuma za ki iya kafa 'yar sana'arki a cikin ɗaki. Da ma Hausawa sun ce, da hanau gara mannau.