Jami'a a Gindin Badala: Yadda Bayero Ta Tashi Daga Ɗalibai Goma

In ka taso daga Gidan Murtala ka miƙe titin da ya nufi Kabuga, ka wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, za ka ga abin da ya rage na badala a hannun dama, a hagu kuma doguwar katanga da kawunan darbejiya suna leƙowa ta samanta. Mai adaidaita sahu ba ya buƙatar dogon kwatance. Ka ce masa tsohuwar jami'a kawai, zai ajiye ka a bakin ƙofa. Kwalta ɗaya ce ta raba birnin Dabo da wannan fili, kuma ni a ganina duk halin Jami'ar Bayero daga wannan kusanci ya samo asali. Makaranta ce da ta girma tana jin kiran sallar cikin gari.

Na yi karatu a nan, don haka kada a nemi in yi alƙalanci kamar baƙo.

Tushen abin ya girmi jami'ar da kusan shekara talatin. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan su koyar. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wadda kowa ya fi sani da SAS. Ta fitar da alƙalai da malamai masu kaifin ilmi, irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, amma akwai matsalar da ta daɗe tana ci wa shugabannin Arewa tuwo a ƙwarya. Yaro zai sha fiƙihu da nahawu ya ƙoshi, in ya zo ƙofar jami'a sai a ce ba shi da takardar shiga. Don a toshe wannan giɓi gwamnatin Sardauna ta buɗe wata 'yar kwaleji a cikin harabar SAS a 1960, aka sa mata suna Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa babbar jami'a a Zariya a 1962 sunan Sardauna ya koma can, ita kuma ta Kano aka raɗa mata sunan Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Sunan ya dace, tunda a hannunsa aka dasa irin.

A 1964 kwalejin ta bar cikin gari ta koma tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano, a matsayin mazaunin wucin gadi. A nan ta ɗauki ɗalibanta na farko masu neman digiri. Su goma ne. Goma cif, ba su cika ƙungiyar ƙwallo ɗaya ba. Sai mutum ya ƙiyasta yadda zaman ya kasance: jirgi na tashi yana sauka, malami na warware baitin waƙar Jahiliyya, ɗaliban da ke gabansa kuwa ba wanda zai iya ɓuya a bayan wani. A 1966 rukunin farko ya fita da digirin Jami'ar Ahmadu Bello, domin a lokacin kwalejin reshe ce ta Zariya, mai kula da fannin adabi da nazarin addinin Musulunci.

Wanda ke riƙe da ita a lokacin shi ne Abdullahi al-Ɗayyib, mutumin Sudan, masanin waƙar Larabci da ake ji da shi daga Khartum har Fas, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Khartum, ya kuma karɓi kyautar Sarki Faisal a 2000. A ce malami irin wannan ya zauna yana karantar da mutum goma a tsohon otal, wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa waɗanda suka kafa wurin ba da wasa suka zo ba. Bayansa Alhaji Hamidu Alkali ya karɓa, sannan Shehu Galadanci, wanda daga nan aka ɗauke shi ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato.

Yaƙin basasa ne ya tashe su daga otal. Filin jirgi wuri ne da abokan gaba ke hari, ba wurin ajiye ɗalibai da littattafai ba. Sai aka tattara aka koma filin da aka tanada a bayan badala, daura da Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga. Masu sha'awar tarihi sukan tuna cewa ta wannan kusurwa ce sojojin Ingila suka fasa suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903. Shekara sittin da 'yan kai bayan haka, a nan jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suka zauna suna karanta tarihin abin da ya faru, da Larabci da Turanci da Hausa.

Wurin ba shi da girma. Mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi daga ƙofa zuwa gidajen malamai kafin shayinsa ya huce. Arewa badala ce, in ka ɗaga kai ka hango Goron Dutse. Ta baya Ɗorayi, wadda a wancan zamani ƙauye ce da gonaki da lambuna. Yamma Kabuga da hanyar Gwarzo. A cikin wannan ɗan taƙi aka zuba ɗakin karatu, da azuzuwa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidajen malamai masu faɗin tsakar gida, da masallaci. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, da rani ƙura, da damina ciyawa ta rufe ko'ina, da hunturu kuma hazo ya sauko har ka kasa gane wanda ke tahowa sai ya yi sallama.

Mutanen da suka cika wurin su ne abin ba da labari. Ɗaliban farko yawancinsu ba yara ba ne. Akwai tsofaffin ɗaliban SAS, akwai malaman makaranta da suka yi shekaru da alli a hannu, da yawansu magidanta, sun baro iyali a Katsina ko Bauchi ko Ilori ko Yola sun zo ƙaro ilmi. Mata kuwa da farko ana ƙirga su da yatsu. Ta ɓangaren malamai, sai ka ce ƙaramar majalisar ɗinkin duniya: 'yan Sudan da Masar a sashen Larabci, 'yan Indiya da Pakistan, Turawan Ingila da Amurka. John Lavers, Baturen da ya ƙware a tarihin Barno, ya zo a shekarun 1960 bai koma ba, a Kano ya ƙare rayuwarsa a 1993. John Paden a nan ya koyar, shi ne mai littafin nan kan addini da siyasar Kano da ya fito a 1973. Murray Last, mai tarihin Daular Usmaniyya, ya riƙe kujerar farfesa a nan a ƙarshen shekarun 1970. Sannan ga rukuni na uku da marubuta tarihin jami'o'i kan manta da su: masinjoji, da masu gadi, da kuku, da direbobi, da masu ban ruwan fulawa, mafi yawansu daga Ɗorayi da unguwannin cikin gari, waɗanda kan shigo da sassafe a kan keke su koma da magariba. Ta bakinsu labarin jami'a ke shiga gari, na gari ke shigowa jami'a.

Abin da ƙanƙantar wuri ke haifarwa shi ne kowa ya san kowa. Ko a zamaninmu, da aka riga aka yi yawa, ragowar wannan hali bai gushe ba. Ina tuna wata safiyar hunturu a teburin mai shayi, gindin wata darbejiya. Muna zaune mu uku muna gardama kan wata kalma, ko Hausa ce ta asali ko aro ce daga Larabci. Wani dattijo da ke gefen benci, rawani a wuya saboda sanyi, yana tsoma burodi a kofi bai ce uffan ba. Da ya gama ya miƙe ya biya kuɗinsa da namu, ya ce, "Samari, ba daga Larabci ta zo ba, ku bincika wajen Barebari." Ya hau tsohuwar Fijo ɗinsa ya tafi. Mai shayi ya dube mu ya ce, "Ba ku san Malam ba? Ai littafinsa ne a hannunku." Kunya ta hana mu shanye shayin.

Ranar Juma'a kuwa katangar ma kamar babu ita. Masallacin jami'a na bakin titi, sahu ɗaya ke haɗa farfesa da ɗan kasuwar Kurmi da almajiri. In an idar, masu turare da masu littattafai da masu rake sun baje a bakin hanya. Malami zai gama darasin falsafa da safe, da yamma ka gan shi durƙushe a wani zaure cikin gari yana ɗaukar karatu wurin wani tsoho da bai taɓa zama a aji ba. Ba a ɗauki wannan abin mamaki ba.

Daga wannan zama ne aikin da na fi alfahari da shi ya fito, wato hidimar harshen Hausa. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, wadda Paul Newman ya taɓa jagoranta, ita ta fitar da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, ita ke buga mujallar Harsunan Nijeriya, ita ce kuma bayan doguwar wahala ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, mai fassara Hausa da Hausa. M. K. M. Galadanci ya tsara nahawu. Ibrahim Yaro Yahaya ya bi tsofaffi ya tattara tatsuniyoyi, ya kuma rubuta Hausa a Rubuce. Ɗandatti Abdulƙadir ya ɗauki waƙar baka ya kai ta zauren ilmi, daga baya ya shugabanci jami'ar. Duk ɗan makarantar da ya taɓa rubuta jarrabawar Hausa, daga Damagaram har Kumasi, ya ci gumin mutanen nan ko bai san sunansu ba.

Shekarun da tsofaffi ke kira na zinariya su ne na tsakiyar 1970. A 1975, lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙara jami'o'i bakwai da kuɗin man fetur, aka ɗaga kwalejin ta zama kwalejin jami'a mai majalisar gudanarwa ta kanta, tare da na Ilori da Fatakwal. A 1977 ta tsaya da ƙafarta, aka ajiye "Abdullahi" da "kwaleji", ta zama Jami'ar Bayero, Kano. Dokta Mahmud Tukur ne ya ja ragamar wannan sauyi, shi ne shugabanta na farko. Waɗanda suka yi aiki da shi har gobe suna maganar tsantseninsa da dukiyar jama'a da rashin son kwalliya. Bai daɗe a kujerar ba, amma shi ya shata yadda za a faɗaɗa, kuma babban zauren lacca na tsohuwar jami'a sunansa yake ɗauke da shi. J. O. C. Ezeilo, masanin lissafi daga Nsukka, ya riƙe na ɗan lokaci, sai Ibrahim Umar, masanin kimiyya, wanda a zamaninsa aka ci gaba da gina sabon mazauni a hanyar Gwarzo, wajen Rimin Gata.

Dole ce ta sa aka fita. Da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ɗalibai suka riƙa kwararowa daga kowane lungu na ƙasa, Yarbawa da Ibo da Tibi da Igala da Nufawa, ga fannonin shari'a da kimiyya da fasaha da likitanci sun buɗe. Ɗan filin gindin badala ya cika ya batse. Fannoni da yawa da ofishin shugaba suka koma sabuwar jami'a, sassan kimiyya suka zauna a tsohuwa, motoci suka shiga jigila tsakani. Garin ma ya bi jami'ar a baya: Rijiyar Zaki da Ɗanbare, da dā gonaki ne, yau gidajen haya ne na ɗalibai da shagunan buga takardu.

Shekarun tsuke bakin aljihu da suka biyo bayan 1986 ba su bar kowace jami'a a ƙasar nan ba. Darajar naira ta faɗi, baƙin malamai suka tattara nasu ya nasu, yajin aiki ya zama ruwan dare. Abin da za a ce kawai shi ne, wanda ya jagoranci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa a mafi zafin lokacin, daga 1988 zuwa 1994, malamin Bayero ne, Attahiru Jega, wanda ya dawo ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2010 kafin a ba shi hukumar zaɓe.

Ranar da ba ta mantuwa ita ce Lahadi 29 ga Afrilun 2012, da 'yan bindiga suka afka wa Kiristoci suna ibada a cikin tsohuwar jami'a, suka kashe mutum fiye da goma, har da farfesoshi biyu. Daga waje masifar ta shigo, a shekarar da Kano duka ke cikin tashin hankali. Waɗanda aka kashe maƙwabta ne, 'ya'yansu sun tashi a layi ɗaya da namu. Tun daga lokacin aka tsaurara bincike a ƙofa, shigar da dā ake yi da sallama kawai ta koma sai da katin shaida.

Yau ɗaliban Bayero dubun-dubata ne, mata sun cika azuzuwa har a wasu fannonin sai ka rantse sun fi maza yawa. Jami'ar ta bazu cikin gari: masu karatun likita suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gidan Malam na Gwammaja, wato Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ido duk ya koma kan sabuwar jami'a da manyan gine-ginenta, kuma ba laifi ba ne. Amma ɗan Arewan da ya taso daga makarantar allo ko Islamiyya, yake son ya zama lauya ko likita ba tare da an ce ya tuɓe rigarsa a bakin ƙofa ba, har yanzu nan ce hanyarsa mafi kusa, kuma a tsohuwar harabar aka share ta.

Shi ya sa nake ganin tsofaffin ɗalibai, da yawanmu yanzu masu faɗa a ji ne, ya kamata mu waiwayi gindin badala. Ita badalar muna kallo aka yanka ta fuloti-fuloti, kududdufan gefenta aka cike aka yi shaguna. Filin tsohuwar jami'a na cikin 'yan wuraren da suka rage a wannan yanki da mutum zai yi tafiyar minti goma a inuwa. Gine-ginen farko suna nan, ana iya gyara su yadda suke, a ware ɗaki ɗaya a ajiye hotuna da takardun kafuwa. Sunayen mutum goman nan na 1964 suna cikin rajista. Allo ɗaya na dutse a bakin ƙofa zai ɗauke su duka, har a sami wurin rubuta garuruwansu.