Ciwon Rufin Cikin Zuciya: Musabbabi, Ganowa da Magani

Cikin zuciyar ɗan Adam akwai wata siririyar fata da ta shimfiɗu a ɗakunanta huɗu da ƙyamarenta huɗu, waɗanda ke hana jini komawa baya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka maƙale a wannan fata, musamman a kan ƙyauren da ya riga ya samu rauni, sai su yi curi suna cin wurin. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira endokaditis. Kafin zuwan fenisilin, da wuya wanda ya kamu da shi ya tashi.

Musabbabi

A Sudan, kamar a ƙasar Hausa, babban abin da ke share wa cutar hanya shi ne ciwon maƙogwaron da bakteriya ke haddasa wa yara. Idan ba a magance shi ba, yakan jawo zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, bayan shekaru kuma ya lalata ƙyamaren zuciya. Sauran masu haɗari su ne wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe, da wanda aka haifa da naƙasar zuciya, da mai wankin ƙoda, da mai tsira wa kansa allurar maye. Ƙwayoyin kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko dasashi mai jini, ko miki, ko allura marar tsafta.

Alamomi da Ganowa

Mai ciwon kan yi fama da zazzaɓin da ya ƙi sauka, da gumin dare, da kasala, da rama, da haki, da kumburin ƙafa. Da yawa sukan ɗauka maleriya ce ko taifod, su yi ta sayen magani a kemis har abu ya yi nisa. Wani lokaci curin kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Likita kan ɗebi jini sau uku a wurare dabam-dabam, kafin a fara magani, a raini ƙwayar a ɗakin gwaji don a san irinta. Sannan a ɗauki hoton zuciya da na'urar eko. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin gwaji yakan ɓoye cutar.

Magani

Ana ba da maganin ta jijiya tsawon mako 4 zuwa 6. Idan ƙyauren ya lalace, ko zuciya ta fara gazawa, ko mugunya ta taru, sai tiyata. A unguwar Soba da ke kudancin Khartum, ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe Cibiyar Salam a 2007, inda ake tiyatar zuciya kyauta ga 'yan Sudan da na wasu ƙasashen Afirka. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da dama a Khartum da Omdurman, ya kuma jefa masu ciwon zuciya cikin wahalar samun magani.

Kariya

A kai yaro asibiti idan maƙogwaronsa na ciwo tare da zazzaɓi. Wanda aka ɗora a kan allurar fenisilin ta wata-wata kada ya tsallake. A riƙe sunnar asuwaki da tsaftar baki. Mai ciwon ƙyauren zuciya ya sanar da likita kafin a cire masa haƙori, kuma duk zazzaɓin da ya wuce mako guda ya nemi gwajin jini. Neman magani ba ya kore tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.