BABI NA BIYU: TARIHIN MUHALLIN KARATU A ƘASAR HAUSA DA TASIRINSA A KAN KOYON ƊALIBAI

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi domin a ga irin wuraren da 'ya'yan Hausawa suka zauna suka yi karatu, tun kafin zuwan Turawa har zuwa shekarun baya-bayan nan. Abin da ake nufi da muhallin karatu a nan shi ne duk abin da ya kewaye ɗalibi a lokacin da yake koyo, wato ɗaki ko inuwar da yake zaune, da abin zama, da haske da iska, da yawan 'yan'uwansa ɗalibai, da kayan aiki, da harshen da ake yi masa magana da shi, da kuma irin dangantakar da ke tsakaninsa da malaminsa.

Dalilin wannan waiwaye shi ne, sau da yawa idan yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, akan ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa, a ce ba sa son karatu. Wannan babi zai yi ƙoƙarin nuna cewa a kowane zamani sakamakon karatu yana bin yanayin wurin da aka yi karatun, saboda haka ba daidai ba ne a yanke wa ɗalibi hukunci ba tare da an leƙa ajinsa ba.

2.1 Muhallin Karatu Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin ƙarni na 20 ƙasar Hausa tana da makarantu iri biyu, wato makarantar allo da makarantar ilimi. Makarantar allo ba ta da gini na musamman. Akan yi ta a zauren malam, ko a ƙofar gidansa, ko a gindin bishiya, ko kuma a tsangaya, wato bukkokin da ake kafawa a bayan gari. Malam yakan zauna a kan buzu, almajirai su kewaye shi a kan tabarmi ko a ƙasa. Kayan aikin duk a gida ake samun su: allo na itace, da tawada, da alƙalamin kara. Da dare akan hura wuta da kara ko ƙirare waɗanda almajiran suka ɗebo da kansu, a zauna kewaye da ita a yi karatu.

Wanda bai san tsarin ba idan ya ji hayaniyar makarantar allo zai ɗauka babu tsari a cikinta. Amma idan aka duba da kyau za a ga kowane almajiri yana da nasa darasin a allonsa, kuma ba ya wanke allon sai ya biya wa malam ko gardi an tabbatar ya riƙe. Ta haka yaro yakan tashi daga babbaƙu zuwa farfaru, ya ci gaba har ya sauke izu 60, ba tare da an ja shi da sauri ko an tsayar da shi saboda wani ba. Har ila yau matakan kolo da titibiri da gardi sun sa manya suna taimaka wa ƙanana, saboda haka yawan almajirai bai cika fin ƙarfin malam ba. Ɗaga murya wajen karatu shi ma ya dace da manufar makarantar, domin hadda ake nema, ita kuwa hadda tana son maimaici da jin sauti.

Duk da haka wannan muhalli yana da nasa rauni. Sanyin hunturu da ruwan damina sukan hana karatu, hayaƙin wutar dare yana cutar da idanu, tsoron bulala kuma yakan hana yaro yin tambaya. Almajirin da aka tafi da shi ci-rani kuwa yakan ɓata sa'o'i masu yawa wajen neman abin da zai ci.

Makarantar ilimi ta bambanta da wannan. A zaure ake yin ta cikin natsuwa, kowane ɗalibi ya matso gaban malam da littafinsa, kamar Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya ja baƙi malam yana fassara masa da Hausa, sauran suna saurare har layi ya zo kansu. Irin wannan zama ne ya haifar da manyan malamai a Katsina da Kano da Zariya, kuma a irinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karantar a Ɗegel. 'Yarsa Nana Asma'u ta lura cewa matan aure da ke ƙauyuka ba za su iya zuwa zaure ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojinta suke kai wa mata karatu har garuruwansu. Wannan ya nuna tun a ƙarni na 19 an fahimci cewa idan wurin karatu bai dace da mai koyo ba, wurin ake sauyawa.

2.2 Muhallin Karatu a Zamanin Mulkin Mallaka

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da dubban makarantun allo a faɗin Arewa. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa ta Kano. Abin lura shi ne bai kwaikwayi ajin Ingila ba. Ɗakunan na ƙasa ne irin na ginin Hausa, ɗalibai suna zama a kan tabarmi cikin tufafinsu na gida, ana koyar da su da Hausa, kuma an tanadi malaman addini. Ya fara da horar da malamai, sannan 'ya'yan sarakuna, aka kuma haɗa da sashen koyon sana'a. Manufar hakan ita ce kada iyaye su ga makarantar a matsayin wurin raba yaro da addininsa da al'adarsa. Akwai kuma manufar siyasa, domin Turawa ba sa son a sami 'yan boko masu yi musu gardama irin waɗanda suka gani a Ikko.

Duk da kamannin da ke tsakanin wannan makaranta da zauren malam, ta shigo da abubuwan da suka sauya yadda ake koyo. Akwai babban allo guda ɗaya wanda kowa yake kallo, akwai ƙararrawa da jadawalin darussa, kuma an raba yara aji-aji, duk 'yan aji suna darasi ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan tsari yana aiki ne kawai idan kowane yaro yana ganin allon, yana jin muryar malam, malamin kuma yana da sukunin duba aikin kowa. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya rasu, tsarin yakan rushe, saboda babu gardi a ajin boko da zai tallafa wa wanda aka bari a baya.

A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce ake kira Kwalejin Barewa. Ginin na ƙasa ne, amma makarantar kwana ce mai ɗalibai kaɗan, ana ciyar da su, ana ba su littattafai, akwai kuma filin wasa. Daga cikinta ne aka sami mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. A matakin elementare kuwa Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta samar da littattafan karatu na Hausa, daga ciki har da Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Ke nan yaro yana samun abin karantawa a harshen da yake ji. Sai dai kyan wannan muhalli ya samu ne saboda an taƙaita masu shiga. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, 'ya'yan talakawa da yawa ba su samu ba, 'yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu makarantu a Kano da Katsina.

2.3 Daga Samun 'Yanci Zuwa Shirin UPE

Daga shekarun 1950 aka fara samun makarantun Islamiyya, waɗanda suka ɗauki aji da benci da babban allo daga boko suka koyar da darussan addini a ciki. Gwamnatin Jihar Arewa da hukumomin En'e su ma sun ƙara yawan firamare kafin 1960 da bayanta, amma Arewa ta ci gaba da zama a baya idan aka kwatanta da Jihar Yamma, wadda ta fara ba da ilimin firamare kyauta tun 1955.

Babban sauyi ya zo ne a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka fito. Azuzuwan da aka gina ba su isa ba, sai aka koma gindin bishiya da rumfunan zana, a wasu birane kuma aka raba yara biyu, na safe da na rana. Malamai ma ba su isa ba, aka riƙa horar da su cikin gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin cike giɓin. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya tanadi a koyar da yara da harshen uwa a farkon firamare, amma littattafan da za su tabbatar da hakan ba su wadata ba.

Ba a gama shawo kan wannan ba sai farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin SAP ya biyo baya a 1986. Gyaran gine-gine ya tsaya, albashin malamai ya riƙa makara, benci ya karye ba a musanya ba. A nan ne aka sami wani irin aji wanda ya haɗa raunin tsarin biyu. Yaro yana zaune a ƙasa kamar almajiri, amma ba shi da allonsa na kansa, ba shi da gardi. Ana kiran wurin aji, amma ba ya ganin babban allo, malami kuma bai san sunansa ba. Abin da ya rage ga malamin shi ne ya faɗa yara su amsa da baki ɗaya, wanda hakan yakan ɓoye waɗanda ba su fahimta ba har su kai aji shida.

2.4 Shirin UBE da Abin da ya Biyo Baya

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta tanadi karatun shekara 9 kyauta kuma dole. Bugun tsarin ilimi na 2004 ya ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 a firamare. An gina azuzuwa da dama, amma yawan yara a birane irin su Kano ya ci gaba da rinjayar ginin. Mai wannan bincike ya yi firamare a cikin wannan zamani, a ajin da 'yan layin gaba suke jingine da bangon allo, na baya kuma suna zaune a bakin taga, iska ta yaye rabin kwanon rufi, da zarar hadari ya haɗo sai a tashi kowa. Daga cikin 'yan bayan nan akwai waɗanda suka riga shi sauke Alƙur'ani, amma suka bar firamare ba su iya haɗa baƙin boko ba. Ba za a ce ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza ba, tunda ita ce ta yi aiki a wancan wurin.

A 2012 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka kuma gina irinta a wasu jihohi. Da yawa daga cikinsu ba su ɗore yadda aka so ba, saboda ba a yi tanadin ciyarwa da kulawa mai ɗorewa ba, kuma ba a jawo alarammomi ciki sosai ba. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa gini wani sashe ne kawai na muhalli.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya zo daidai da abin da tarihin nan ya nuna. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba yara ƙanana zuwa aji mai ɗalibai 13 zuwa 17 da aji mai 22 zuwa 25, sai aka tarar 'yan ƙaramin aji sun fi ƙoƙari a karatu da lissafi, musamman 'ya'yan marasa hali. Idan har bambanci tsakanin waɗannan adadi yana da tasiri, to ina ga ajin da ya ninka su sau da yawa?

2.5 Kammalawa

A wannan babi an bi tarihin wuraren karatu a ƙasar Hausa daga zaure da tsangaya, zuwa makarantar Ɗan Hausa da Kwalejin Katsina, zuwa azuzuwan UPE da UBE. An ga cewa zauren malam da ginin ƙasa na Katsina duk ba su da tsada, amma sun ba da sakamako saboda ɗalibi yana kusa da malami, yana da abin karatu a hannunsa, kuma ana duba aikinsa. An kuma ga cewa duk lokacin da aka ƙara yawan yara ba tare da an ƙara ɗaki da malami da littafi ba, koyo yakan ja baya ko da rajista ta cika. A babi na gaba za a bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai daga makarantun da aka zaɓa, domin a auna yadda waɗannan abubuwa suke shafar koyon karatu da rubutun Hausa.