Majalisa

Majalisa kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, "majlis", wadda ta samo asali daga "jalasa", wato ya zauna. Ma'anarta ta farko ita ce wurin zama, daga bisani ta koma nufin taron masu shawara ko masu yin doka. Da wannan suna ake kiran majalisar dokokin Iran, wadda ta fara zama a 1906. A ƙasar Hausa akwai majalisar sarki, inda waziri, galadima da sauran 'yan majalisa ke ba sarki shawara. A Najeriya, Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, ta Wakilai kuma 360. Dandalin da abokai ke hira da yamma a ƙofar gida ma majalisa ne.