Daga gidan yari zuwa ɗakin gashi

Kawuna tela ne, ya fi shekara talatin yana taka keken ɗinki. Hannunsa na dama ne ya fara rawa. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu, har an fara kawo rubutu da turare. Shi kuwa ƙafa ce ta fi ƙona masa rai. Sai ya taso daga ɗaki lafiya lau, da ya iso bakin ƙofar zaure sai ƙafafun su kafe kamar an liƙe su da ƙaro. In ya samu ya ɗaga, sai takun ya koma ƙanana ƙanana, jiki ya rinjaya gaba, yana sauri ba da son ransa ba, har ya dafa bango ko ya kai ƙasa.

Ranar da na raka shi sashen gashi na asibiti, aka ɗora shi kan injin tafiya, wannan da bel ke gudu a ƙarƙashin ƙafa. Ya kalli injin, ya kalle ni, ya ce, "Kai ɗan nan, tafiyar da ba a isa ko'ina, ai horo ce." Bai san tarihin injin ya faɗa ba.

A 1817 wani likitan unguwa a Hoxton, gabashin Landan, mai suna James Parkinson, ya buga ɗan littafi a kan wannan ciwo na karkarwa. Mutum shida kaɗai ya bayyana a ciki. Biyu a titi ya tare su ya yi musu tambayoyi, ɗaya kuma daga nesa kawai ya hango shi. Duk da haka ya kama abin da na gani a jikin Kawu: sunkuyawa gaba, da tafiyar da ke rikiɗewa ta koma sassarfa. Magani kam ba shi da wani na kirki, sai fitar da jini daga wuya da makamantansa.

Shekara ɗaya bayan nan, a 1818, a ƙasar dai ta Ingila, wani injiniya mai suna William Cubitt ya ƙera wa gidajen yari wani dogon inji mai kama da ganga, mai matakala a jikinsa. Fursunoni su jeru, kowa ya riƙe sanda, su yi ta taka matakalar tana juyawa a ƙarƙashinsu, sa'o'i da yawa kullum. A wasu kurkukun ana niƙa hatsi ko jawo ruwa da shi. A wasu kuwa iska kawai yake kaɗawa, wahalar ce ake so. Marubucin nan Oscar Wilde na cikin waɗanda aka yanke wa aiki mai tsanani a 1895, lokacin da injin bai bar kurkukun Ingila ba, sai a farkon ƙarni na 20 aka daina. Ciwon da injin sa'o'in juna ne ke nan, ƙasarsu ɗaya, amma sun yi kimanin shekara 180 ba su haɗu ba.

A tsakanin, Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Faris ne ya laƙaba wa ciwon sunan Parkinson. Ya lura majinyatansa kan ji sauƙi bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki, sai ya sa aka ƙera kujera mai jijjiga yana zaunar da su. Abin dariya ne a yanzu, amma ni ban raina shi ba. Mutumin ya hango cewa wani kaɗi da ke zuwa daga waje yana taɓa ciwon.

Sai zamanin magani. Arvid Carlsson a Suwidin ya nuna muhimmancin sinadarin dofamin ga motsin jiki a ƙarshen shekarun 1950. A 1960 Oleh Hornykiewicz a Biyana ya gano sinadarin ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da ciwon. A 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa shan lebodofa har ta yi aiki. Mutanen da suka sandare suka miƙe. Sai dai in shekaru suka tura, kafewar ƙafa da faɗuwa ba su cika jin ƙwaya ba, kuma faɗuwar ce ke karya ƙugu ta kwantar da tsoho.

A shekarar dai ta 1967, wani likita, James Purdon Martin, ya wallafa abin da ya gani a asibitin Highlands da ke arewacin Landan. In aka ja layuka a ƙasa, a gicciye, mai kafewar ƙafa sai ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya, takunsa ya buɗe. Layin da ya bi tsawon hanya ba ya yin wannan aikin. Dalilin shi ne, sashen ƙwaƙwalwar da ciwon ya taɓa shi ke tafiyar da abin da mutum ke yi ba da tunani ba. Ƙafar ba ta mutu ba, mai ba ta kiɗa ne ya yi shiru. In ido ko kunne ya kawo wani kiɗan, sai ta taka. Na gane haka a masallaci kafin in karanta shi a littafi: Kawu da ke kafewa a bakin zaure, a kan darduma mai layin sahu tafiyarsa ta fi ta ko'ina kyau. Keken ɗinkinsa ma bai daina takawa ba sai da hannu ya kasa zura zare.

Shi kuma injin, ta ƙofar likitocin zuciya ya shigo asibiti. Robert Bruce a Siyatil ya yi amfani da shi wajen gwada ƙarfin zuciya, tsarinsa na 1963 har yau ana bi. A shekarun 1980 masu bincike a Kanada suka nuna kyanwar da aka yanke wa laka tana iya koyon taka ƙafafun baya a kan bel mai gudu, in an tallafe nauyinta. Daga nan aka gwada wa masu shanyewar jiki. A 2000 Ichiro Miyai da abokan aikinsa a Jafan suka ɗora masu ciwon Parkinson goma a kai, an rataye su da ɗamara don rage nauyi, suka ga tafiyarsu ta gyaru fiye da ta atisayen da aka saba. Bel ɗin ba ya jira, ba ya canza gudu, shi ne makaɗin.

A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi da mutum 633. Sakamakon ya nuna saurin tafiya da faɗin taku suna ƙaruwa. Batun faɗuwa kuma daban ne, kuma nan ne masu tallan injin kan yi shiru. A 2016 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Beljiyam, Isra'ila, Italiya, Holand da Birtaniya, da tsofaffi kusan 300 masu yawan faɗuwa, da dama daga cikinsu masu wannan ciwo. Kowa ya yi mako shida, sau uku a mako. Rabi sun taka injin kawai. Rabi kuma an sa musu allo a gaba, suna ganin ƙafafunsu a kan hanya mai cikas, suna tsallakewa suna kaucewa. Cikin wata shida da suka biyo baya, faɗuwar masu allo ta yi ƙasa da ta ɗaya rukunin da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Masu inji kawai ba a ga wani ragi na a zo a gani ba. Ai ba a kan shimfiɗaɗɗen bel tsoho ke faɗuwa ba. A dokin ƙofa ne, wajen juyawa, buta a hannu, jika na kiransa ta baya.

Kawu ya yi 'yan makonni yana zuwa, kuɗin mota da layin asibiti suka gajiyar da mu. Mai gashin, Allah ya saka mata, ta ce, "Baba, in zuwa ya gagara, a ja maka layi a gida." Muka sayi fenti fari muka ja layuka daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure da banɗaki, muka kwashe tabarmin da ke kan hanya, aka kafa ƙarfen dafawa. Yana tafe yana ƙirga ɗaya, biyu, da ƙarfi.

In akwai mai irin wannan a gidanku, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma a nemi ganin masu gashi tun kafin faɗuwar farko. Kada a ɗora shi kan injin ba mai riƙe da shi.